Bashiru mai amsa gaisuwa da gaskiya

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan ina shirin fita aiki, yayan Bashiru ya kira ni daga garinsu Andarai. Bashiru ya rasu.

Ga wanda bai san shi ba, shi ne mai tsince albasa a kasuwar Aliero, wanda ake cewa ba ya amsa gaisuwa. Yana da otizim, lalurar da ake haihuwar mutum da ita, mai sa hira da cuɗanya da mutane su yi mishi wuya. Ni ma na taɓa kiran shi mai girman kai, Allah ya yafe min.

Binciken makaranta ya haɗa mu. Ni da abokan binciken mukan ɗauki hirar masu otizim da sauran mutane a waya, mu zuba a kwamfuta mu ga inda zance ke tsinkewa. Ni a zatona laifin duk na masu otizim ne.

Wata rana ya ce a kunna mishi hirarmu. Sai ga muryata: ya gida, ya aiki, ya gajiya, ya mutanen Andarai, duk a numfashi guda. Ya ce, "Malam, tambaya huɗu ka yi. Ina kan ta farko ka wuce."

Wallahi na ji kunya. Ashe shi kowace gaisuwa tambaya ce ta gaske, kuma ba ya iya cewa lafiya lau in ba lafiya.

Daga nan munka daidaita. In na gaishe shi, sai ya amsa daga baya a WhatsApp, ɗaya bayan ɗaya. Ni ma bai yarda in sallame shi da lafiya lau. Haka ya gano matata na kwance. Washegari ya aje kwandon albasa a ƙofar gidana, bai tsaya jin godiya ba.

Ganinmu na ƙarshe a tashar Jega ne. Ina sauri, daga kan mashin na jefa mishi ya jiki. Da la'asar saƙon shi ya shigo: "Jiki ba lafiya. Ƙirjina na ciwo kwana shida. Ina tsoron asibiti, hayaniya ta yi yawa."

Na rubuta Allah ya sawwaƙe, na mayar da waya aljihu.

Ni da na san mutumin nan bai taɓa ƙara gishiri a magana ba. Ga mashin gare ni, na san lokacin da asibiti ke sakin jama'a. Ban je ba.

Na san ajali ba ya jira, ba sai an tuna min ba. Amma abin yana ci na.

Allah ka jiƙan Bashiru, ka yalwata kabarin shi, ka sa shi inda babu hayaniya. Ka ba mahaifiyar shi haƙuri.

Don Allah duk wanda ya karanta ya yi mishi addu'a. In da saura, ku sa da ni, Allah ya yafe min abin da na ji ban tashi ba.