Shahon da Ba Ya Iya Ɗaukar Ɗan Tsako

Idan inuwar tsuntsu ta gifta a ƙasa, Baba Fenti kan yanke maganarsa. Ko tsakiyar ciniki yake, sai ya yi shiru, ya ɗaga kai, ya bi tsuntsun da ido har ya ɓace bayan rufin gidaje, sannan ya ɗauki maganar daidai inda ya ajiye ta. Baƙi kan ɗauka kunnensa ne ya yi nauyi. Mutanen layin kuwa sun saba, jira kawai suke yi.

Ba da wannan hali aka haife shi ba. Sai da ya haura shekara sittin ya fara.

Rumfarsa tana bakin tashar manyan motoci, tsakanin mai facin taya da shagon mai hoto. Benci ɗaya, tsani ɗaya, gwangwanayen fenti jere a kan katako, da tsohuwar kwalbar kananzir da yake jiƙa burushi a ciki. Yana rubuta allunan shaguna, yana rubuta lambar mota, amma abin da ya fito da shi shaho ne. Direban da ya sayi mota, ko ya sake mata bodi, sai ya kawo ta a zana masa shaho a ƙyauren baya: fukafukai a buɗe, baki a lanƙwashe, ido ja, ƙafafu a miƙe kamar zai cafki motar da ke biye.

Tun yana saurayi ya koyi zanen, daga wata kalanda da ke rataye a shagon maigidansa. Tsuntsun jikin kalandar yana shirin tashi ne daga kan dutse, ciyawa ta rufe masa ƙafa. Ranar da ya zana na farko, da ya iso ƙafa sai ya tsaya. Bai tambayi kowa ba, saurayi ba ya son a ce bai sani ba. Ya dubi hannunsa na hagu, ya tanƙwara yatsu huɗu, ya zana abin da ya gani, ya ƙara musu farata. Mai motar ya yaba. Daga nan hannu ya riƙe, har shekara arba'in.

Wata safiya yana kan tsani yana ƙarasa wani shaho, wata tsohuwa mai sayar da kaji ta sauke kwandonta a inuwar motar, tana jiran abin hawa. Ta daɗe tana kallon zanen.

"Bawan Allah," in ji ta, "wannan wane tsuntsu ne?"

"Shaho ne, Inna."

"Shaho?" Ta matso, ta kare ido da tafin hannu. "To, wannan da yunwa zai mutu."

Direbobin da ke zaune a benci suka kwashe da dariya. Ita ko murmushi ba ta yi ba.

"Da me zai riƙe? Duk yatsun gaba suka nufa, kamar mai jira a zuba masa. Ni da shaho mun san juna. Shekara talatin yana cin 'yan tsakina, bai taɓa cewa an gode ba. Uku a gaba, ɗaya a baya, na bayan nan shi ne makulli. Da irin naka ne a sama, da tuni na gina bene."

Ta sa hannu a kwando, ta jawo kaza, ta ɗaga masa ƙafarta. "Kai ko kaza ba ka taɓa ci ba?"

Ya ci kaza ba adadi. Abin da bai taɓa zuwa masa a rai ba shi ne, sarkin sama da mai tonon juji su zo da ƙafa iri ɗaya.

"Baba, rabu da ita," in ji mai motar. "Wa yake ƙirga yatsun tsuntsu a kan titi?"

Baba Fenti ya sauko daga tsani a hankali, ya jefa burushi a kwalba. Motar tsohuwar ta zo, ta ɗauki kwandonta ta tafi, bai sake ganinta ba.

Akwai abin da direbobi ba su sani ba, matarsa kaɗai ta sani. Wata shida ke nan hannunsa na dama yana rawa. Likita ya gaya masa ba ɓoye-ɓoye: irin wannan rawar gaba take yi, ba ta komawa baya. Shekara biyu, ko uku idan da rabo, burushi zai gagare shi.

Da ya koma gida ya ba ta labarin tsohuwar, tana tsakar gida tana ninke wanki.

"Malam, shekara arba'in babu wanda ya kawo ƙara," ta ce. "Tsuntsayen nan, da ƙafa ko babu ƙafa, su suka ciyar da 'ya'yanka."

"Sun ciyar da mu," ya ce. "Ni kuma na bar su da yunwa."

Ta dube shi, ta dubi hannun da ya ɓoye a cikin riga. "To me za ka yi? Bin su za ka yi ɗaya bayan ɗaya?"

Ta san shi, sai ta ci gaba da ninkinta.

Amma bai fara da fenti ba. Ya taɓa zana abin da bai gani ba sau ɗaya, ya ga inda abin ya kai shi. Washegari ya leƙa shagon maƙwabcinsa mai hoto, wanda kowa ke kira Tsaya-Haka, saboda kalmar da ba ta barin bakinsa idan ya ɗaga kyamara. Sa'o'in juna ne, sun fi shekara talatin suna tsokanar juna.

"Ɗauko na'urarka, mahauta za mu."

"Wa ya yi aure a mahauta?"

"Ƙafar shirwa nake so ka ɗauka min, lokacin da ta kawo sura."

Tsaya-Haka ya sauke tabarau. "Tsoho, ni mutane nake ɗauka. In ce su tsaya, su tsaya, in ce su yi dariya, su yi. Wannan wa zai ce mata tsaya haka? Kuma kai da shaho ne sana'arka, me ya haɗa ka da shirwa?"

"Ɗaki ɗaya suka fito. Shaho ba ya zuwa inda ake jiransa, ita kuwa kwaɗayi zai kawo ta."

"Ka dai tsufa, shi ke nan," in ji Tsaya-Haka, yana rataya kyamarar a wuya.

Mako uku suna sammako. Bayan mahautar akwai fili inda ake zubar da tarkacen nama, shirwa na shawagi a kai kamar an biya su. Wani mahauci ya ji abin da ya kawo su, ya yi dariya har da hawaye, sannan ya riƙa jefa musu guntun kitse sama. Shirwa ta sauko kamar an harbo ta, ta tafi, Tsaya-Haka ya danna. Su haɗa kai su duba ɗan gilashin bayan kyamara. Sama ce fayau. Wani lokaci wayar lantarki, wani lokaci rabin wutsiya. Sau ɗaya hular mahaucin ce ta fito, tas da ita.

"Shekara talatin kana cin kuɗin mutane da wannan abin," in ji Baba Fenti, "ashe sai wanda ya tsaya maka kake iyawa."

"Ni dai ban taɓa ɗaukar mutum na ba shi yatsu a gefe ɗaya ba."

A rana ta ashirin da biyu Tsaya-Haka ya daina bin tsuntsun. Ya ce wa mahaucin ya ajiye naman a kan wani kututture, ya saita kyamara a kan naman, ya jira. Shirwa ta zo, ya danna. Suka duba. Kan tsuntsun bai shiga ba, fukafukan sun zama hazo. Ƙafafun ne kaɗai suka fito, an watso su gaba, a buɗe, rawaya, da ɓawo-ɓawo kamar bayan kifi. Uku a gaba. Na bayan ya lanƙwaso yana neman haɗuwa da su, farcensa ya fi na kowa girma.

"Wanke min shi," in ji Baba Fenti. "Babba."

Ya manna hoton a jikin rumfa. Kwana goma yana zana ƙafar da alli a kan benci, yana gogewa. Hannu ya saba da tsohuwar hanya, da ya saki hankali kaɗan sai ya ga yatsu huɗu sun jeru a gaba. Sai ya goge, ya sake.

Daga nan ya sanar a tasha: duk mai shahonsa a mota ya kawo, zai gyara ƙafar, kyauta. Wasu suka kawo don kyauta ce. Wasu suka ce tsufa ne ya fara taɓa shi. Shi dai kullum da safe sai ya zaga tashar yana duba bayan motoci, idan ya ga nasa ya nemi direban. Aikin ba ya son gaggawa. A kankare tsohuwar ƙafa da wuƙa, a shafa launin jikin motar, a jira ya bushe, a fitar da sabuwa da alli, sannan burushi. Da farko rabin yini yake ci. Bayan shekara ya koma yini guda, domin sai ya riƙe wuyan hannun dama da na hagu kafin layi ya miƙe. Mai hannu biyu a kan burushi ba shi da na riƙe tsani, don haka Tsaya-Haka kan rufe shago ya zo ya riƙe masa, yana mita.

Wasu motocin sun ƙone, wasu an sayar da su nesa. Idan aka gaya masa, sai ya ce, "Wannan ya huta." Waɗanda ke kan titi su ne damuwarsa, kuma a cikinsu babu wanda ya ba shi wahala kamar Dogo, direban wata koriyar mota mai jigilar tumatir.

"Baba, shekara tara ina yawo da shahon nan, ko akuya ban taɓa bugewa ba. Kada ka taɓa min shi."

"Ɗana, gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba."

"Kayana ne, a haka nake son su."

Duk zuwan da motar za ta yi, Baba Fenti zai je ya gaishe shi, ya tambayi hanya, ya tambayi iyali, sannan ya tsaya a bayan motar yana kallon shahon. Bai sake roƙo ba. Wata goma sha huɗu ana haka. Abin da tsayuwar ba ta yi ba, bakin direbobi ya yi. Waɗanda aka gyara wa nasu suka sa wa na Dogo suna mai bara. Da ya shigo tasha sai ka ji, "A taimaka wa tsuntsun Dogo da na abinci!" Wani har ƙashi ya ɗaure masa da zare a ƙyauren.

Wata Alhamis da hantsi Dogo ya faka a gaban rumfar, fuska a murtuke.

"Ana min lodi. Da an gama zan tashi, tumatir ba ya jiran fenti."

A lokacin Baba Fenti ko kofin shayi da hannu biyu yake ɗauka. Matarsa ta ce masa da safen nan ya zauna a gida, ya ce zai dai je ya buɗe rumfa ta sha iska. Ya miƙe, ya ƙwala wa Tsaya-Haka kira.

Ya kankare ƙafafun biyu, ya shafa kore. Rana ta taimaka, ya bushe da wuri. Wajen fitar da sababbin ƙafafun biyu, allin ya faɗi daga hannunsa sau biyu, Tsaya-Haka ya miƙa masa. Ya fara da ƙafar hagu. Ya jingina goshi da katakon, ya danne hannu da hannu, ya riƙe numfashi, ya ja layi, ya saki. Masu lodi na ta jefa kwanduna, motar na girgiza, sai ya jira ta lafa ya ci gaba. Yatsa na farko, na biyu, na uku. Na bayan ya fi cin lokaci. Da ya sa baƙin farcen, ya ja baya kaɗan ya duba.

"Yaya?" ya tambaya.

"Wannan kam," in ji Tsaya-Haka daga ƙasa, "a ɓoye yara."

Dogo ya danna ham. An ɗaure tamfol, an gama.

"Saura ta dama, ɗana. Awa ɗaya."

"Baba, wallahi ba ni da ita. Talata zan dawo ba kaya, in bar maka motar yini guda." Ya zagayo ya dubi ƙafar, ya daɗe, sannan ya sosa ƙeya. "Talata, da sassafe."

Baba Fenti ya sauko. Ya haɗa rawayan fentin da zai yi amfani da shi a ɗan ƙaramin gwangwani, don kada launin ƙafa biyun ya bambanta, ya rufe da leda, ya ɗaure, ya ajiye a ƙarƙashin benci.

Ranar Lahadi bai iya tashi ba. Litinin da la'asar aka kai shi makwancinsa.

Talata da sassafe Dogo ya zo, ba kaya, ya tarar da rumfa a rufe, Tsaya-Haka zaune a ƙofar shagonsa bai kunna fitila ba. Suka yi magana kaɗan. Dogo ya yini a nan, kamar yadda ya yi alkawari, da yamma ya tayar da mota.

Har yanzu tana jigilar tumatir. Wanda ya biyo ta a baya zai ga shaho da ƙafar hagu a buɗe, uku a gaba, ɗaya a baya. A dama kuwa koren fili ne kamar faɗin tafin hannu biyu. Zanen allin ya yi kwanaki a wurin, kafin ruwan sama ya zo.