Ranar da Totur Ya Maƙale a Ƙofar Gidan Malam

Motata ta farko tsohuwa ce, na saye ta hannu na uku lokacin ina koyarwa a firamare. Cuta biyu gare ta. In ta daɗe tana tafiyar hawainiya sai lagireto ya tafasa, wani lokaci kuma in ka taka totur sai ya maƙale a ƙasa, ta yi ta gudu ba da izininka ba. Mutum ɗaya ne ya san kanta, wani bakanike ɗan ƙabilar Ibo da ke Sabon Gari. Shekara uku yana zuwa har gidanmu a Koki yana duba ta, yana yi mini faɗa kan na cika zuba mata ruwan rijiya tana da zafi.

Ranar da rikicin nan ya ɓarke, wanda ya kai mu ga yaƙin basasa, kan bakaniken na cikin bonet ɗin motar a ƙofar gidanmu. Ya kwance wayar totur ke nan labari ya iso cewa ana farautar mutanen Gabas. Ya mayar da wayar a gaggauce. Na ba shi babbar rigata da hula, na ce ya zauna a gaba, mu nufi tashar jirgin ƙasa.

To, a layinmu akwai al'ada. Ba wanda ke wuce ƙofar gidan Malam, wanda ya koya wa yawancinmu karatu, a kan abin hawa. Sai ka tsaya, ka sauko, ka tuɓe takalmi, ka durƙusa ka gaishe shi. Tun ina kan keke nake yin haka, har ƙafata ta saba. Ran nan Malam na zaune a kan buzunsa, gefe kuma ga samari sun taru, wasunsu da sanduna.

Na taka totur don in haye wani tudu, ya maƙale. Injin ya ɗau kuka, muka wuce Malam a guje, muka watsa wa buzunsa ruwan kwata. Sai da muka bar layin bakaniken ya sunkuya ya ɗago totur da hannu. Muna fita Ƙofar Nassarawa tururi ya fara fitowa daga bonet, ya ce kada in tsaya, za ta kai. Ta kai mu kuwa, da ƙyar. A bakin tasha ya so ya tuɓe rigar, na hana. Abin da ya ce da ni na ƙarshe shi ne in bar ta ta huce kafin in buɗe murfin lagireto. Ban sake jin labarinsa ba.

Kwana biyu ina zagaye ta bayan layi saboda kunya. A na uku na je na durƙusa, na fara bayanin waya da totur. Malam ya bari na gama.

"Na ga wanda ke cikin rigarka," in ji shi. "Da ka tsaya gaishe ni, da na yi baƙin cikin karantar da kai. Allah Ya yi maka albarka."

Na ce amin, na tashi. Har ya rasu yana ba almajiransa manya labarina, yana cewa ga wanda ya san lokacin da ladabi ke zama laifi. Ni kuwa ban taɓa samun ƙarfin gaya masa gaskiya ba. Lokacin da muka zo daidai ƙofarsa, na riga na ɗage ƙafata daga totur na ɗora a kan birki. Na ga sandunan sarai, na san wanda ke zaune kusa da ni, amma tsayawa zan yi.