Abin da ya kwanta a ƙasan injin Kawu

Ban taɓa tsanar wani abu marar rai ba kamar yadda na tsani injin kawuna na haɗa abincin dabbobi. A bakin hanyar Zango yake, cikin wata rumfar kwano: ƙatuwar tukunyar ƙarfe mai baki a sama, da murɗaɗɗen ƙarfe yana juyawa a cikinta. Ana zuba masa dusa da angurya da garin ƙuli da gishiri, sai a ƙara ɗan takin yuriya, wai yana sa shanun turke ƙiba. Idan ya tashi har ƙasa rawa take yi.

Ni kuwa tunkiya gare ni, fara mai baƙin kunne, wadda kakata ta ba ni shekarar da na gama sakandare. In na dawo hutu daga jami'a, kusa da turkenta nake shimfiɗa tabarma ina karatu, ita kuma tana tuƙa a hankali kamar mai nazarin abin da na karanta mata. A lokacin tana shayar da ɗa guda.

Al'adar Kawu ce lokaci-lokaci a buɗe ƙasan injin, a kwashe abin da ya kwanta, a raba wa dangi masu kiwo. Kyauta ce, kuma yana son a yi ta godiya. Da rabonmu ya zo, shi da kansa ya sauke buhun daga babur.

"Ina 'yar bokon? Zo ki karɓa wa gimbiyarki, ta ɗanɗana abincin manya. Kin bar ta da harawa kamar marainiya."

Na durƙusa na gode. Na zuba mata a kwano, na ga wasu fararen ƙwayoyi suna ƙyalli a ciki, na ɗauka gishiri ne.

Kafin la'asar jikinta ya kama ɓari, yawu yana zuba, ciki ya kumbura kamar ganga. Inna ta ɗura mata man gyaɗa, ta ɗura ruwan tsamiya. Malamin dabbobi na unguwarmu ya zo, ya murza abincin a tafin hannu. Ya ce taki ne. In aka kashe injin da wuri don tsimin man gas, takin ba ya gaurayuwa, sai ya gangara ƙasa ya taru. Ya dubi tunkiyar, ya ce wa Inna a nemo wuƙa tun tana da sauran rai.

Aka aika wa Kawu, da yake shi ne namijin da ke kusa a danginmu. Ya shigo yana naɗe hannun riga. Ni da ba na iya ɗaga ido gaban manya, sai na ji ina magana.

"Kawu, kun san akwai taki a ciki?"

"Ke, ai shi ya sa ba na sayar da na ƙasan. Kina so in kashe wa mutane shanu?"

Inna ta sunkuyar da kai. Ƙanenta ne.

"Amma kuka kawo mana?"

"An ce ki zuba mata zalla? Kowa da dusa yake sirkawa. Duk bokon naki bai koya miki wannan ba? Kwananta ne ya ƙare, riƙe min ƙafar."

Ban riƙe ba. Na ɗauki ɗan nata na shige ɗaki, na tura fuskata cikin gashinsa, yana ta neman nono a yatsuna. Daga tsakar gida na ji Kawu yana bismilla, na ji shure-shurenta a kan ƙasa, sannan shiru.

Can sai muryarsa: "Yaya, fatar ma mai kyau ce. A yi mata gishiri da wuri."

Har yau in mun haɗu a gidan suna ko biki ina durƙusawa in gaishe shi, don Inna. Ina kwana, ina gajiya, shi ke nan. Ɗan ragon da madarar gari na raine shi a kwalba, bai yi girman kirki ba.