Kunun da Inna ke damawa

Kwanon yana bakina Inna ta ɗaga labule. Inna uwar mijin yayata ce, kuma kunun gyadar nan ita ta dama da hannunta, ta zuba suga ba tausayi, don matar ɗanta mai tsohon ciki.

"Au! Ashe kai nake kiwo? Shi ya sa kumatu suka fito."

Ni dai na kasa haɗiyewa. Tun da na bar makaranta ba sana'ar da na zauna a kanta, faci ne, lodi ne, daga baya acaɓa. To da mijin Yaya ya tafi ci-rani, ni nake ɗauko ta daga Maruta zuwa awo a Birnin Kudu. A can aka ce mata tana da ciwon suga, amma irin wanda ciki ke kawowa. Ban taɓa jin wannan ba, na ɗauka na tsofaffi ne kawai. Aka hana ta zaƙi, aka ce in ba haka ba yaron zai yi girman da zai wahalar da haihuwa. Cikinta na farko haka ya zo, ƙato, babu rai.

Sai dai wa zai mayar wa suruka da kwano a cike? Shi ne Yaya ta ce in riƙa biyowa da hantsi ina shanyewa.

Yaya da ko ido ba ta haɗawa da Inna, ranar ta sauko daga gado da ƙyar, ta durƙusa da wannan cikin.

"Inna, ni na sa shi. An ce suga gare ni."

"Suga? Ke ɗin nawa kike? Mu da muka haifi garke da kunu da zuma?"

"Na ciki ne, Inna. Sun ce galibi in an sauka yana tafiya. Na binne ɗaya. Wannan ina so in goya shi."

Wallahi ban taɓa jin ta ambaci yaron nan ba sai ranar. Inna ta dube ta, sannan ta juyo kaina.

"Kai uban kwaɗayi, ranar awo ka zo da wuri. Da ni za a je, in ji da kunnena."

Ta je kuwa, ta tsare ma'aikaciyar asibitin da tambaya har na ji kunya. Daga nan kullum sai kwaɗon zogale da wake, kuma ita ke tsayawa a kan Yaya.

Ranar da Yaya ta sauka ina bakin asibiti, na riƙa kewaye babur kamar zararre. Rubutu ba ya min sauri, sai na danna waya na tura wa mijinta murya:

"Albishirinka. Ta sauka, mace ce, tana ta tsala kuka. Uwar ma ƙalau. Sun ce bayan arba'in a dawo a sake auna ta. Ka kira Inna anjima, yanzu murna ta hana ta magana."