Kawu Haruna da Ƙanensa na Ailan

Duk wanda ya taɓa bi ta unguwar Hindawiyya da tsakar rana ya san balton Kawu Haruna, wato doguwar kwat ɗin nan ta ulu, baƙa, mai kauri kamar bargo. A Jidda fa, garin da mutum ke fitowa daga wanka ya jiƙe da gumi kafin ya kai ƙofa! Amma Kawu, yayan mahaifiyata, sai ya ɗora ta kan jallabiya, ya sa maɓallai har wuya, ya nufi wajen mai shayi. Shi ya sa kuka laƙaba masa Abu Balto.

Nakan ce, “Kawu, wallahi za ka dahu.”

Sai ya ce, “Ke Rahama, rufe min baki. Yau ana ruwa a wajen ƙanena.”

Ga yadda ya samu ƙanen. Kakata Inna ta zo hajji da mijinta daga ƙasar Kano, suka zauna. Shekarar da ta haifi Kawu, matar wani likita Bature ta haihu ta kwanta ciwo, nononta ya ƙafe. Aka kawo wa Inna jaririn ta shayar da shi tare da nata. Batirik sunansa. Tun kafin ya fara tafiya iyayensa suka koma da shi ƙasarsu, Ailan, wani tsibiri a gefen Ingila, ba a ƙara jin ɗuriyarsu ba. Amma Kawu ya rantse cewa tunda nono ɗaya suka sha, jikinsu ɗaya ne. In sanyi ya taɓa Batirik a can, sai ya sauka a ƙashinsa a nan.

Ni na fi kowa yi masa dariya, har ranar da na kai masa abinci da azahar na ɗauki kwat ɗin zan rataye. Jiƙe take sharkaf, kuma ba gumi ba ne. Ta waje ta jiƙe, kan kafaɗu, ruwa mai sanyi ƙalau, ga wani ƙamshin ɗanyar ciyawa yana tashi. Na leƙa sama, ko ɗigon gajimare babu. Na buɗe waya na duba yanayin ƙasarsu, sai ga ruwan sama. Na kashe wayar, ban ƙara dubawa ba har yau.

Abin da ke cin Kawu kuwa kun san shi: ba shi da takarda. A nan aka haife shi, amma haihuwa a nan ba ta sa mutum ya zama ɗan ƙasa. Iƙamarsa, wato takardar izinin zama, ta mutu tun mutuwar kafilinsa, ɗan ƙasar da ya tsaya masa, Nijeriya kuwa a bakin mutane kawai yake jin ta. Ba kamu yake tsoro ba. Tallaja yake tsoro, firjin gawa na asibiti. Gawar da ba ta da takarda can take kwanciya har sai wata ƙasa ta ce tata ce, sannan a ba da izinin binnewa. Wani abokinsa na unguwar Mahjar ya yi watanni a ciki, kuma Kawu ne ya riƙa zirga-zirga har aka fito da shi.

“Rahama,” in ji shi, “ni komai zan iya ɗauka. Amma kar ku bari a jera ni a tallaja kamar kazar Barazil.”

Ana nan sai wata nas ’yar Ailan da muke aiki tare a wani asibiti ta ba ni labarin ƙasarsu. Ta ce in an haifi kakanka a can, za ka iya neman fasfonsu ko ba ka taɓa taka ƙasar ba. Mutanen arewacin tsibirin kuwa zaɓi gare su: su ɗauki na Ailan, ko na Birtaniya, ko su haɗa duka biyun. Na kawo hirar gida muna cin abinci. Kawu ya cire hannu daga kwano.

“Arewa kika ce? Ai Inna kullum tana faɗi, likitan nan ɗan arewarsu ne.” Sai ya buga cinya. “La ilaha illallahu! Ashe ƙanena fasfo biyu gare shi, ni babu ko ɗaya? Nono ɗaya fa! Wannan ai zalunci ne a cikin gida.”

Washegari ya tare liman bayan sallar asuba. Liman ya ce tabbas, a shari’a ɗan’uwansa ne na shayarwa, ’yar Batirik ma ta haramta gare shi. Kawu ya ce, “Wa ya ce ’yarsa nake so? Fasfo nake so!”

Daga nan ya ɗauko Hajja Kulu, tsohuwar da ta rage cikin waɗanda suka ga shayarwar da idonsu. Lokacin ma idon ya tafi, sai duhu-duhu. Ya ɗora ta a keken guragu, ya turo ta har Bab Makka wajen Salim mu’aƙƙib, mai bi wa mutane sawun takardu a ofisoshi. Ni aka sa rakiya, ina tafe ina jan mayafi ina rufe fuska don kunya.

Salim ya saurare shi tsaf, ya ce, “Ya ammi, Turawa ba su san nono ba. Jini suke tambaya, ko wurin haihuwa. Uba, uwa, kaka, halas, shi ke nan. Ko ciki ɗaya kuka fito, ɗan’uwa ba ya ba ɗan’uwa fasfo.”

“To shi nonon daga ina yake fitowa in ba daga jini ba?”

Sai Hajja Kulu ta ɗaga yatsa daga cikin kekenta ta ce, “Kuma ya fi Haruna sha. Na dama aka ba shi, mai yawan. Haruna na hagu yake tsotsa yana kuka.”

“Ka ji ko!” in ji Kawu. “Rabona ya shanye ya yi ƙiba. Da nonon uwata aka gina Ailan, yanzu a ce ba su san ni ba?”

Kuna tsammani ya haƙura? Ina! Shi a wajensa magana ta zauna, saura zaɓi. Bencin mai shayi ya rabu biyu. Yau Kawu ya ce Ailan zai ɗauka, don ya ji su ma Ingila ta taɓa mulkinsu, su da mu duk ɗaya. Gobe ya ce a’a, Ingila ce ta mulki ubansa a Kano, ita ya kamata ta san inda ɗansa ya kwana. Wani sabon zuwa daga Nijeriya ya taɓa gaishe shi ya ce, “Baba, ɗan ina ne kai?” Kawu ya gyara wuyan balto ya ce, “Ban yanke ba tukuna.”

Sai wata Laraba ya fito ba balto. Jallabiya kawai, kai ba hula. Mai shayi ya ce da ya hango shi sai da butar ta kusa suɓuce masa. Kawu ya zauna ya ce, “Sanyin ya ɗauke. Ƙanena ya rasu.”

Ya sa aka jera kujeru a ƙofar gida, aka dafa gahawa, ya zauna karɓar gaisuwar mutumin da ba wanda ya taɓa gani. Kuma kun zo, kar ku musa, wasunku don shinkafa suka zo. Wani ya yi ƙarfin hali ya ce, “Abu Balto, shi mamacin musulmi ne kuwa?” Ya ce, “Nonon Inna ya sha. Sauran na Allah ne.”

Muna tsakiyar haka, rana tsaka, aka turo Hajja Kulu. Ta yi gaisuwa, sannan ta ƙura idon nan nata da ba ya ganin tafin hannunta, ta ce, “Wane ne wannan dogon mai jan gashi da ke tsaye bayan Haruna? Ba za ku ba shi kujera ba?”

Bayan Kawu bango ne kawai. Kawu bai ko waiwaya ba, ya ce, “Ku ƙyale shi, baƙo ne, bai saba da zafi ba.” Kafin a ƙara zagayo da gahawa rabin kujerun sun zama wofi.

Da mutane suka watse ya kira ni. Babu wasa a muryarsa. Ya ce, “Rahama, yanzu ba ni da mai tsaya min.”

Bai daɗe ba bayan nan. A bencin mai shayi ya cika, da hantsi, kofinsa a hannu. Aka kai shi asibiti, aka sa shi a tallaja.

Abin da ya roƙe ni ke nan, shi kaɗai, kuma na kasa. Mijina Usman da dattawan unguwa suka yi ta kai da komo, suna shaidar cewa ubansa mutumin Kano ne. Ni kuwa kullum sai na je na tsaya a bakin ƙofar ɗakin nan ina jin gurnanin injin. A gida na daina buɗe firjina, sai dai Usman ya miƙo min abin da zan dafa. Makonni suka wuce kafin takardar ta fito, daga Nijeriya, ƙasar da bai taɓa sa ta cikin zaɓinsa ba.

Usman ne ya shiga kabarin. Ya ce da aka miƙo masa Kawu, sanyin ya ratso likkafani har hannunsa ya mutu. Ƙasar kabarin kuwa ta sha ranar azahar, zafi rau. Ya kwantar da shi, ya bar tafinsa kan kafaɗarsa yana jira ya ji ɗumi ya fara shigarsa, har sai da na sama suka ce, “Yalla, Usman, fito.” Ya ce bai fito ba sai da ya ji ɗumin.

Allah Ka jiƙan Kawu Haruna. Ka yafe mana jinkirin da muka yi masa, Ka yalwata masa makwancinsa, Ka karɓe shi a matsayin naKa. Amin.