Malam Gwadabe da Yatsun Mahaifiyata

Kafin rana ta yi zafi za ka tarar da kekensa a jingine a ƙofar ɗakin kwamfuta na cibiyar koyon sana'a da ke Sabon Garin Wudil. Daga Indabo yake tahowa. Ya share ɗakin, ya yaye zannuwan da ya lulluɓe injinan da su, sannan ya ɗauko tsohon buroshi yana bin tsakanin maɓallai yana fitar da ƙura. Haka Malam Gwadabe ya yi shekara da shekaru, ga shi ƙarshen watan nan zai yi ritaya. Na ce wallahi ba zai sulale shiru ba.

Duk wanda ya yi wayo lokacin da arzikin man fetur ya sake bunƙasa zai tuna yadda kwamfutoci suka riƙa shigowa Wudil kwali-kwali. Ɗan kwangila ya sauke, a ɗau hoto, ya kama hanyar Kano. Ba littafi, ba intanet, ba mai koyarwa. Duk da haka ina kewar zamanin, don kowa gani yake gobe tasa ce.

Ban da mahaifiyata, Hansai. Tun kafin a haife ni take buga tafireta a wani ofishin gwamnati, kuma tun da babanmu ya rasu albashinta ke ɗora mana tukunya. Kwatsam aka kwashe tafiretocin, aka ce za a zo daga Kano a gwada su a kan kwamfuta, wanda ya kasa a sallame shi.

Ta je wurin Malam Gwadabe. Maus, ɗan abin nan da ake turawa da hannu, ya hana ta sakat: ta tura nan, kibiyar ta gudu can, 'yan matan ajin suna ƙunshe dariya. Rannan ta ja mayafinta ta miƙe.

"Malam, ni kam na haƙura. Wannan abin ba na tsofaffi ba ne."

"Haba Yaya Hansai, zauna mana. Wa ya ce miki sai da shi?"

Ya zare igiyar maus ɗin ya jefa a durowa. Ya buɗe mata littafin bayani da ke cikin injin kansa, wanda yawancin mutane ba su ma san da shi ba, farin rubutu a kan baƙin allo.

"Ki ɗauka gida ne mai ɗakuna," in ji shi. "Ki danna n, kin shiga ɗaki na gaba. P, na baya. U, kin fito tsakar gida. Tab zai kai ki bakin kowace ƙofa, Enta ya buɗe miki. In kina neman kalma, s ne ɗan aikenki. In kuwa kin ɓace, ki danna l, zai bi sawunki ya mai da ke inda kika fito."

Daga baya Inna ta ce mana tana ɗora yatsunta a layin tsakiya na maɓallan ta ji hankalinta ya kwanta, don harufan suna nan inda ta bar su a tafireta.

Sai dai bawan Allahn nan yana da hali mai ƙona rai. Ka tambaye shi abu, ba zai faɗa maka ba, sai ya nuna allo da haɓa ya ce, "Yana ciki." Har suna ɗalibai suka sa masa, Malam Yana-ciki. Sau nawa Inna ta dawo gida tana mita, wai mutumin nan rowar ilimi gare shi!

Ranar gwaji, Halliru masinjan ofis yana tsaye bakin taga, shi ya ba mu labari. Mai gwajin ya ce ta sa wa shafuka lamba, abin da ba a taɓa nuna mata ba. Halliru ya ce har ya fara salati a zuci. Can sai ya ji ƙarar maɓallai: ta shiga littafin, ta yi kuskuren ƙofa, ta dawo, ta nemo wurin, ta karanta, ta yi. Ba a sallame ta ba. A kujerar nan ta zauna har ƙaninmu na ƙarshe ya gama makaranta.

Malam, kai ne ka ga gwaninta a hannun da mai shi ta riga ta raina. Kai ne ka daure aka ce maka marowaci, don ka san ranar da za a tsare ɗalibinka ba ka kusa. Gagara-gajiya na Indabo, Allah Ya saka maka da alheri, Ya sa ka huta lafiya. Ku kuma masu koyarwa, in dattijo ya miƙe zai fita daga ajinku, ku dubi abin da ya iya kafin ku bar shi ya kai ƙofa.

Makon jiya na je na same shi na yi masa godiya, na ce ni 'yar Hansai ce, wadda ya ceci aikinta. Ya sosa ƙeya cikin jin kunya.

"Yi haƙuri 'yata," ya ce. "Masu tafiretan da suka zo shekarar nan suna da yawa. Wace Hansai?"