Zaɓen Angurya a Gindin Gawo

Ku rage muryar rediyon nan, ku matso. Tun safe kuke gardama, da a ce wane ya ci zaɓe da ƙasa ta gyaru, da a ce wane ya gaji wane da ba mu ga abin da munka gani ba. Wannan “da a ce” da kuke ji kamar ku kunka ƙago ta, mu mun shuka ta, mun girbe ta, har ta taɓa cinye mini gona. Kuma ban yi nadama ba.

Ƙauyenmu yana ƙasa da Makwar, garin babbar madatsar ruwa, a bakin wata ƙaramar tur’a, magudanar da ke kai ruwa gonakin auduga. Can kowace gona da hukuma ta yanka wa mutum ana ce mata hawasha. Mijina ba shi da tasa. Ta wani attajiri yake nomawa, in amfani ya zo a raba. A wani gefe cikinta muke da ’yar dawarmu, ita ce tuwonmu, ita ce kisirarmu, wainar nan marar kauri da ake toyawa. Mu mata kuwa aikinmu cirar auduga, daga fitowar rana har baya ya ƙi miƙewa.

Shekarar da Bature ya naɗe tutarsa, maza sunka yi ta zama ana lissafin wa zai hau. Uwar mijina, wadda duk ƙauye ke kira Inna, an haife ta ne a hanyar Makka, kuma da kanta ta ɗauki ƙasa a kwando lokacin da ake haƙa tur’o’in nan. Ranar da munka gama cirar auduga, muna zaune a gindin gawo muna gasa bunni, wato ’ya’yan gahawa, sai ta ce, “Ko wa ya hau, mu dai duƙe za mu yi. To da a ce ni Bature ya miƙa wa makulli fa?”

Munka yi dariya. Ita ba ta yi ba. Ta ɗauki muciyar tuwo ta dafa ta kamar sandar sarauta, ta fara ba da labarin mulkinta kamar abin da ya riga ya faru. Ta ce ranar da ta shiga fada a Khartum, dokarta ta farko ita ce duk wanda ya binne uwa ko uba a ƙasar nan ɗan ƙasa ne, kada a sake tambayarsa takarda. Nan dariya ta mutu a bakinmu, don kowacenmu tana da kabari a bayan gari.

Daga nan abin ya zama al’ada. Duk ƙarshen cirar auduga sai mu yi zaɓe. Mata biyu su tsaya, kowace da ƙwarya rufaffiya mai ’yar kafa a gabanta, sauran mu bi ɗaya bayan ɗaya da ƙwayar angurya a dunƙule cikin hannu, mu jefa inda zuciya ta so. Wadda ta ci ita ce Rayis, wato shugabar ƙasa. Dokokin wasan ba su da yawa, amma ba a taka su. Sabuwar Rayis za ta ɗauki tarihin ƙasa daga inda ta gabanta ta tsaya, ba ta da ikon goge abin da anka riga anka faɗa. Kuma muciya ba a ƙwace ta, sai wadda ta sauka ta miƙa da hannu biyu.

Da sojan farko ya tashi da asuba ya karɓe mulki, Rayis ɗinmu ta wannan shekara, wata ungozoma ce mai murya kamar ganga, ta ce a tata ƙasar ma sojojin sun zo ƙofar fada. Sai ta leƙo ta ce, “Madalla, ’ya’yana, dama ina neman masu tuge karan auduga.” Ta raba musu gonaki, sunka yi ta tuga har damina, babu wanda ya sake tuna kujera.

Shekarar da anka ce mata ma su fito zaɓe na gaske, munka wanke tufafinmu, munka sa lalle, munka tafi. A ƙofar rumfar wani saurayi da bai kai ɗan farina ba ya dube ni ya ce, “Ina jinsiyyarki, takardar zama ’yar ƙasa, hajja? Ina anka haifi kakanki?” Na ce masa kakana yana kwance bayan garinmu, in yana son amsa shi je shi tambaye shi. Haka munka dawo a ƙafa, lallenmu bai taɓa akwati ba. Tun daga ranar angurya ta yi nauyi a hannunmu.

Inna ta rasu, muciya ta bi hannaye, har ta iso nawa. A mulkina na ɗauke fada daga Khartum na kawo ta Makwar, don mai mulki ya riƙa jin ƙarar ruwan da ake rabawa. Na yi doka cewa gonar da ke wutsiyar tur’a ita za ta fara sha. Mata sunka yi guɗa, na ji daɗin abina, ba zan ɓoye muku ba.

A shekarar ne soja na biyu, da ya riga ya zauna daram, ya ce a yi zaɓen shugaban ƙasa. Mutum ɗaya ne ya tsaya, shi kaɗai. Lori ya zo ya kwashi maza don su je su ce na’am. Wadda za ta tsaya da ni a namu zaɓen wata mai toya kisira ce, ƙawata tun ƙuruciya, bakinta ya fi barkono. A wurin ɗiban ruwa ta ɗaga murya ta ce, “Mu dai a ƙasarmu ƙwarya biyu ce, kuma kowace da mutum a bayanta. Ba ma yin tseren jaki ɗaya.”

Magana zarar bunu. Kafin kasuwa ta sake ci ta isa kunnen mai hawashar da mijina ke nomawa, shi kuwa a lokacin ya zama babba a kwamitin sabuwar hukuma na yankinmu.

Yayan mijina shi ne shehun ƙauye. Ya aiko na je bayan la’asar, na durƙusa daga bakin zaure.

Ya ce, “Ƙanwata, mutumin nan ya rantse. In anka sake jefa angurya a gindin gawo, ƙanena ya bar masa hawasha. Ya ce matan Fallata, wato matanmu ’yan asalin yamma, sun kafa hukuma suna yi wa hukuma ba’a.”

Na ce, “Yaya, hukumar da ke tsoron muciya, ai sai a yi mata addu’a.”

“Ki rage murya. Ruwa ba sa’an kwando ba ne. Amma na samo muku mafita. Ku yi zamanku, ku sha bunninku, ki ba su labari yadda kika saba. Zaɓen kawai za a bari. Ki riƙe muciyar har ranar da Allah Ya ɗauke ki. Wa ya fi ki iya labari dama?”

Ku ji fa inda Shaiɗan ke zama. Ba a cikin barazanar yake ba, a cikin wannan zaƙin yake. Na fito daga zauren zuciyata na cewa, ai gaskiya ne, wa ya fi ni?

A gida na sami mijina yana gyaran ƙotar fartanya. Mutum ne marar hayaniya. Bai ɗago ba ya ce, “Uwar yara, dawarmu tana cikin hawashar nan. Wasa ne fa.”

Na ce, “Malam, in wasa ne, mi ya kawo mai hawasha cikinsa?”

Ya ci gaba da gyaran ƙotarsa.

Na ce, “Inna ce ta fara riƙe muciyar nan. Tana da ƙarfinta, tana da bakinta, ta miƙa ta da hannu biyu. Ni ce zan zama sojan farko a ƙasar uwarka?”

Ya daɗe yana duban ƙotar. Sannan ya ce, “Inna ba ta taɓa barin mutum ya huta ba, ko tana kabari.” Bai ce in yi ba, bai ce in bari ba.

Ranar da anka auna buhun ƙarshe, na ɗauki muciya da ƙwarya biyu na tafi gindin gawo, rana tsaka, don kada a ce mun ɓuya. Da farko ni kaɗai ce sai awaki suna cin ’ya’yan gawo. Can sai ga mai kisira tana tafe tana gyara mayafi.

Ta ce, “Ke, Rayis, na ji an ba ki kujera har mutuwa. Mi kike yi nan?”

Na ce, “Na zo in kayar da ke ne a gaban mutane, don ki san ba kyauta anka yi mini ba.”

“Wallai ba ki isa ba. Shekara guda kina mulki, ko gishiri bai sauko ba.”

Ta zauna bayan ƙwaryarta, sannan ta ce a hankali, “Bakina ne ya jawo miki, ’yar uwa.” Na ce ta yi shiru, ’yar takara ba ta kuka.

Mata sunka fara fitowa, wata daga bayan danga, wata da tulu a kai kamar ruwa za ta ɗebo. Ungozoma ta zo tana dogara sanda, ta tsufa sosai, ta ce a ba ta hanya, ita tsohuwar shugabar ƙasa ce. Yayan mijina yana tsaye can bakin tur’a yana kallonmu, bai matso ba. Anka jefa angurya, kowace ƙwaya da ta faɗa ina jin ƙararta a ƙirjina.

Da anka buɗe, ƙwaryar mai kisira ta fi tawa nauyi. Ba da kaɗan ba ma.

Na faɗi! Ni da na sa gonar mijina a kan wuƙa don a yi zaɓen, ni anka kayar. Raina ya ɓaci, har na ji yatsuna sun ƙi sakin muciya. Kowa na kallon hannuna. Na tashi, na durƙusa, na miƙa mata da hannu biyu na ce, “Ranki shi daɗe.”

Ta dafa muciya ta fara. Ta ce a shekarar da tsohuwar Rayis ta sauka da ƙafarta, sojoji sunka ji kunya sunka koma bariki, sabuwar hukuma kuma ta yanka wa tsohuwar Rayis hawasha tata ta kanta, a bakin babbar tur’a, da sunanta. Mata sunka yi guɗa har tsuntsaye sunka tashi daga gawo.

Wannan a ƙasarmu ke nan. A ƙasar rediyo kuwa, mai hawasha ya cika rantsuwarsa. Munka girbe ’yar dawarmu, munka ɗaure tabarmi da tukwane, munka hau lori zuwa wajen Rusairis, inda dangin mijina ke saran daji suna noman damina. Ƙaramar ɗiyata ta yi ta kuka don mun bar akuyarta. Munka wuce Makwar, munka yi nisa. Sai mijina ya juyo ya ce mini, “Ke wa kika jefa wa?”

Na ce, “Kaina mana.”

Ya yi dariya har ya share hawaye da gefen rawani. Ya ce, “Ashe ko da taki ba ta isa ba.”

Mun sha wuya a sabon wuri, shekarun farko da ganye munka haɗa. Amma duk ƙarshen cirar auduga saƙo na zuwa da masu lori, wance ta hau, wance ta sauka. Mai kisira ma an kayar da ita, ta miƙa.

Don haka in malaminku ya tambaye ku waɗanda sunka mulki ƙasar nan, ku faɗa masa nasa don ku ci jarrabawa. In ni kunka tambaya, nawa daban ne. Inna ce ta gaji Bature, ungozoma tana cikin jerin, ni ma ina ciki, mai kisira ta gaje ni. Ba a ɗaure ko ɗaya ba, ba wadda ta gudu ƙasar waje, ba wadda anka tashe ta da bindiga da asuba. Hawashar da munka rasa ta wani ce dama. Wadda mai kisira ta yanka mini a gindin gawo, har yau ba a haifi mai karɓe ta ba.